Tsintsiya a Layi na Tamanin da Huɗu

Shekara tara Injiniya ya yi a kan kujera ɗaya, a hawa na biyu na wani gini mai shagon gyaran firinta a ƙasansa, kuma a duk tsawon shekarun nan babu mahaluƙin da ya taɓa yi wa Wuƙa kallon raini. Wuƙa sunan da ya raɗa wa wani kod ne, wato jerin umarnin kwamfuta, da ya rubuta da hannunsa tun kamfanin yana da ma'aikata huɗu da fanka ɗaya. Manhajoji suke rubuta wa ƙananan asibitoci. Idan asibiti ya tambayi sabar ɗakin gwaji, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, sakamakon wani majinyaci, amsa guda take turowa, amma a cikinta an jera abubuwa kamar kaya a buhu ɗaya: na farko rubutu ne, sunan mutum da kwanan wata, sauran kuwa fayiloli ne, hoton ƙirji ko sakamakon jini, kowanne a kulle yadda ba mai buɗe shi sai mai makulli. Tsakanin kowane ɓangare da mai bi masa akwai wani layin haruffa da ake kira iyaka. Aikin Wuƙa shi ne ta nemo iyakokin nan, ta yanka, ta ciro kowane fayil cif-cif ta ajiye. Ba wani babban abu ba ne a ido, amma duk abin da kamfanin ya sayar ta kanta yake bi, kuma Injiniya ba ya barin kowa ya manta da haka.

Auta kuwa ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ta shekara goma sha ɗaya. Shi ya koya mata aikin a falon Inna, a kan wata tsohuwar kwamfuta da harafi ɗaya ya ɓalle, sai an danna gurbinsa da bayan biro. Akwai wani littafi mai shuɗin bango da yake rubuta mata misalai a ciki da hannu, don ta yi bita idan ya tafi da kwamfutar. Da ta gama makaranta ta yi aikin shekara uku a wani wuri, shi ne kuma ya taka da ƙafarsa har ofishin Manaja ya ce a ɗauke ta. Watanni ukun farko bakinsa har kunne. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa ita ya ce, "Ƙanwata ce, ni na koya mata." Bai san ranar da maganar ta juya ba. Ya dai tsinci kansa wata safiya yana jin wani sabon ma'aikaci na tambayar abokinsa a wurin shan ruwa, "Wai ashe wancan mutumin yayan Auta ne?"

Wancan mutumin! Shekara tara a gidan, kuma wancan mutumin. A ranar ya kira ta gefe ya kafa mata doka.

"A ofis babu Yaya. Injiniya za ki ce, kamar kowa."

Ta ce to. Ta yi ta cewa to, amma bakin da ya saba da abu tun yana koyon magana ba ya jin doka. Ko a tsakiyar taro sai ka ji ta ce, "Yaya, duba nan ka gani," sannan ta kama baki, mutane su kwashe da dariya, shi kuwa ya haɗe rai kamar an aiko masa da mummunan labari.

Ana nan sai kamfanin ya sami aikin da bai taɓa samun irinsa ba, na wani babban ɗakin gwaji mai injinan ɗaukar hoton cikin jiki. Hotunansu manya ne na gaske, kuma a nan ne tsufan Wuƙa ya fito fili. Ita al'adarta sai ta haɗiye amsar gaba ɗaya kafin ta fara yanka, to da aka tura mata amsa mai nauyin buhun siminti sai ta shaƙe, kwamfuta ta sandare. Injiniya ya ce a ba shi mako uku ya gyara. Kwana huɗu bayan haka Auta ta nuna wa Manaja wani sabon kod da ta rubuta a lokacin hutun cin abinci, wanda yake kurɓar amsar kaɗan-kaɗan yana yanka yana ajiyewa, bai damu da girmanta ba. Ita ba ta sa masa suna ba. 'Yan ofis ne, waɗanda ba sa rasa abin tsokana, suka sa masa Reza.

Ranar Litinin Manaja ya tara su. Mutum ne mai yawan fara'a da ba ya lura da inda maganarsa take sauka.

"Ranar Alhamis Likitar ɗakin gwajin za ta zo da fayilolinta ta gwada mu," in ji shi. "Idan Reza ta wuce, Auta ce za ta riƙe aikin gaba ɗaya, mutum uku a ƙarƙashinta. Injiniya, kai ka fi kowa sanin wannan fanni, kai za ka duba mata kod ɗin ka sa hannu. Kuma zan so ka zama cikin ukun, ka riƙa ba ta shawara."

Doka ce a ofishin, babu kod ɗin da yake shiga aiki sai wani ya karanta shi layi-layi ya sa hannu. Injiniya da kansa ya kawo dokar, yana kuma alfahari da ita. Ya ce, "Ba damuwa, yallaɓai," har da ɗan murmushi. A ransa kuwa kalma biyu yake maimaitawa. Cikin ukun. Yarinyar da ya riƙe wa hannu tana neman inda harafi yake, yau shi ne za a jera a bayanta yana ba da shawara, kamar tsohon direban da aka mayar kujerar baya. Kishi ne, ba shi da wani suna, kuma shi ma ya san kishi ne.

Ranar Talata da hantsi ya buɗe kod ɗin. Bai buɗe shi da niyyar karatu ba, da niyyar farauta ya buɗe. Ya so ya ga kwamacala, ya so ya ga gaggawar yara, don ya cika gefen shafin da jan rubutu. Sai ya tarar da aiki tsaf. Kowane abu a inda ya kamata, sunaye a fili, babu layin da ya zauna a banza. Har ta yi tunanin abin da shi bai taɓa yi ba, wato yadda za a yi idan iyaka ta faɗo rabi a wannan kurɓin rabi a na gaba. Da ya ga yadda ta warware shi da layi shida kacal sai ya ture linzamin kwamfutar ya tashi ya je ya sha ruwan da ba ya jin ƙishinsa. Da wani baƙo ne ya rubuta, da ya yaba. Amma Auta ce, kuma kyawun aikin ne ya fi komai ƙona masa rai.

Ya dawo ya ci gaba. A layi na tamanin da huɗu ya tsaya.

Akwai wani umarni a harshen da suke rubutu da shi wanda yake share fili da alamun sauka layi daga farkon abu da ƙarshensa. Tsintsiya yake kiransa tun yana koya mata. A kan rubutu tsintsiya abar arziki ce, don filin da ke bayan sunan mutum ba ya ƙara wa sunan komai. Amma fayil a kulle ba rubutu ba ne, jerin lambobi ne da ake kiran kowace ɗaya bayit, bayit bayan bayit, kuma a cikinsa babu abin da ake kira fili. Abin da tsintsiya take gani ta ɗauka shara ne, wataƙila shi ne bayit na ƙarshe na hoton ƙirjin wani. Ƙa'idar ita ce, kafin kowace iyaka akwai bayit biyu na sauka layi waɗanda na iyakar ne, ba na fayil ba. Biyun nan kaɗai ake yankewa, da ƙidaya, ba da shara ba. Auta kuwa ta sa tsintsiya. A fayil arba'in, talatin da tara za su fita lafiya, don ƙarshensu bai yi kama da fili ba. Na arba'in ɗin tsintsiya za ta haɗa da nasa bayit ta kwashe, kuma fayil a kulle ko bayit ɗaya ya rasa ba zai ƙara buɗuwa ba.

Injiniya ya san wannan kamar yadda mutum ya san tabon da ke ƙafarsa. Shekara uku da suka wuce Wuƙa ma da tsintsiyar take aiki. Wata biyu ya yi yana rantsuwa cewa laifin sabar masu aikowa ne, har ya rubuta musu wasiƙa mai zafi, kafin wata rana ya jera fayil mai kyau da mara kyau ya ga bayit ɗaya ya yi ɓatan dabo. Kunya ta sa ya gyara a ɓoye. A tarihin gyare-gyare, inda kowa yake rubuta abin da ya canja da dalilinsa, ya rubuta kalma biyu kawai: ƙananan gyare-gyare. Bai gaya wa Manaja ba, bai gaya wa kowa ba.

Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya danna gefen layin ya rubuta, "Cire tsintsiya, ki yanke bayit biyu kawai." Ya zuba wa rubutun ido. Daga can ƙarshen ɗakin ya jiyo dariyar Auta da wasu mutum biyu da suka kewaye teburinta, ɗayansu yana cewa ranki ya daɗe shugaba. Sai ya sa yatsa a kan maɓallin gogewa ya riƙe, haruffan suka riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya har wurin ya zama fari.

Zuciya ba ta rasa lauya. Nan take ta kawo masa hujjoji: ai ba shi ya sa layin ba, ai fayil goma ta gwada duk sun buɗe, wataƙila Likitar ma goma za ta kawo, ai wanda zai riƙe mutum uku ya kamata ya iya ganin wannan da kansa, ai shi ma ba wanda ya gaya masa. Ya nemo wasu wurare biyu marasa muhimmanci, ya ce a canja sunan wani abu, a ƙara waƙafi a wani bayani, don a ga ya karanta. Sannan ya rubuta a ƙasa, "Na duba. Ya yi." Ya sa hannu.

Ba a yi minti biyar ba sai ga Auta da kofin shayi ta ajiye masa.

"Yaya, har ka gama? Abu biyu kawai ka gani?"

"Sau nawa zan gaya miki?"

"Yi haƙuri, Injiniya." Ta yi dariya. "Wallahi tun jiya gabana ke faɗuwa. Na san halinka, na ce yau sai ka yi min fata-fata. Amma tunda ka sa hannu, shi ke nan, hankalina ya kwanta."

Ya ce, "Uhm." Shayin ya huce a wurin bai taɓa shi ba.

Ranar Laraba bayan an tashi ya ɗauke ta a mota kamar kullum, don gidan Inna a kan hanyarsa yake. Ya shiga gaishe da tsohuwar. Ya same ta a kujerarta ta bakin taga tana warware zaren da ya harɗe, tabarau a kan hanci.

"Ashe ƙanwarka za a ba shugabanci, shi ne ba ka gaya min ba?" in ji Inna. "Kai, wannan yarinya! Ni dai na ce kan babanku ta ɗauko sak."

Tun yana aji uku na firamare shi ake gaya wa wannan maganar. Shi ne mai kan Baba, shi ake kira idan rediyo ta ƙi magana, shi ake nuna wa baƙi. Ashe har wannan ma gadon ana iya karɓe shi a ba wani mutum yana raye. Ya ce, "Haka ne, Inna, Allah ya taimaka," ya ƙi zama, ya ce akwai abin da zai sayo wa yara.

Duk da haka, don a faɗi gaskiya, ya kusa faɗa mata. Auta ta rako shi bakin mota, ya buɗe ƙofa ya tsaya, abin yana cin sa.

"Auta, kod ɗin nan naki..."

"Na'am, Yaya?" Ta jingina da motar tana murmushi. "Kar ka damu, ba zan goge Wuƙa ba. Zan adana ta a gefe saboda tarihi, mu riƙa nuna wa sababbin ma'aikata yadda mutanen da suke yi."

Wasa take yi, irin wanda suka saba tun tana ƙarama. Da wata rana ce, da ya rama da wanda ya fi shi. Yau kuwa sai maganar ta shige shi kamar ƙaya.

"Me za ka ce?" ta tambaya.

"Ba komai. Ki zo da wuri gobe."

Likitar ɗakin gwajin ta iso ranar Alhamis ƙarfe goma daidai. Dattijuwa ce siririya mai ƙaramar murya, irin mutanen da ba sa dariya don a ji daɗi. Aka zauna a ɗakin taro, aka haɗa kwamfutar Auta da babban allo. Manaja ya fara jawabin maraba, ta bari ya kai rabi sannan ta ce, "Na sa an shirya muku sakamako ɗari biyu a sabarmu. Na gwaji ne, amma girmansu da kullensu irin na gaske ne. Ku jawo su mu gani."

Ɗari biyu. Injiniya, da yake zaune a ƙarshen tebur, ya yi lissafin a kansa tun kafin ta rufe baki. Abin kunyar shi ne, ba tsoro kaɗai ya ji ba, har da wani ɗan daɗi mai kama da na mai jiran a buɗe tukunya.

Auta ta danna. Reza ta yi abin da aka san ta da shi, fayiloli suka riƙa sauka a jere kamar ana zazzage su, abin da Wuƙa ba za ta iya ko farawa ba ya ƙare cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Manaja ya tafa shi kaɗai. Likita ta ce a buɗe su duka. Aka sa makulli, layukan suka riƙa komawa kore, kore, kore, sai ga ja. Aka ci gaba, sai ga wani. Da aka kai ƙarshe, ɗari da casa'in da biyar sun buɗe, biyar sun ƙi.

"Biyar ne kawai cikin ɗari biyu," in ji Manaja, muryarsa ta ɗan siranta. "Ƙaramin abu ne, Likita."

"Biyar ɗin nan mutum biyar ne," in ji ta. "Wanne za ka ce ya koma gida babu sakamakonsa?"

Auta ta sake jawo biyar ɗin, suka sake ƙi. Ta gwada girmansu da abin da sabar ta ce ta aiko, ta ga kowanne ya gaza da bayit ɗaya. Ta buɗe kod ɗin ta fara bi daga sama. Inda ta fi zargi shi ne wurin da ta fi wahala a kai, layi shidan nan na haɗa rababbiyar iyaka, don haka a can ta maƙale tana karantawa tana maimaitawa, alhali lafiyarsu ƙalau. Minti biyar suka wuce, suka zama goma. Likita ta duba agogo ta fara mayar da biro cikin jaka. Auta ta ɗago ta dubi yayanta, irin kallon da take yi masa tana 'yar shekara goma sha biyu idan kwamfuta ta ƙi yin abin da ta ce.

"Injiniya," in ji Manaja, "ko za ka leƙa?"

Ya tashi a natse, ya zagayo, ta matsa masa. A nan ne ya yi kuskuren da bai gane ba sai daga baya. Mai neman abin da bai san inda yake ba yakan yi sama ya yi ƙasa, ya tsaya, ya koma baya. Shi kuwa bai yi ko ɗaya ba. Ya buga tamanin da huɗu, allon ya yi tsalle ya sauka a kan layin, ya goge tsintsiyar, ya rubuta a yanke bayit biyu. Ko minti biyu bai cika ba. Aka sake jawowa, aka sa makulli, ɗari biyu suka koma kore reras.

Likita ta fito da bironta daga jaka. "Wannan malamin yana cikin masu riƙe aikinmu?"

"Shi ne ma shugabansu," in ji Manaja, ko numfashi bai ja ba.

Haka aka yi. Da yamma Manaja ya sanar cewa Injiniya ne zai riƙe aikin, Auta tana cikin ukun, Reza kuma za a ci gaba da amfani da ita tunda an gyara. Mutane suka zo suna ba shi hannu, wani ya ce tsohon hannu daban ne. Sabon ma'aikacin nan na wurin shan ruwa har da ɗan rusunawa. Injiniya ya ji daɗi, daɗi sosai, ba sai an ɓoye ba. Ya ji kamar an mayar masa da rigarsa da wani ya ara ya daɗe bai kawo ba. Auta ma ta zo ta ce, "Na gode," ta koma teburinta. Da aka tashi ta ce ya tafi kawai, tana da abin da za ta ƙarasa. Ranar Juma'a ma haka ta ce.

Ranar Asabar da rana ya kai yara gidan Inna kamar yadda ya saba. Tun daga ƙofa tsohuwar ta fara sa masa albarka.

"Zo nan, zo nan! Auta ta ba ni labari. Ta ce ta yi kuskure a gaban baƙuwa, kai ka tashi ka rufa mata asiri. Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka haka. Ni da ma na ce, duk ƙoƙarinta ba ta kai a ɗora mata wannan nauyin ba tukuna. Babba ai babba ne."

Ya sunkuyar da kai yana amsa amin. Kwana uku da suka wuce wannan maganar ya so ji, yau kuwa kowace albarka sai ta sauka masa da nauyi. Auta tana gefe tana yanka wa yara lemo, ba ta ɗago ba.

Da ya tashi tafiya zai bar yaran sai yamma, ta biyo shi waje da wani abu a hannu. Littafin nan ne mai shuɗin bango, gefensa duk ya lanƙwashe. Ta buɗe inda ta sa tsinke ta miƙa masa. Rubutunsa ne, na lokacin da yake jan wutsiyar haruffa don burgewa. Misalin yanka amsa ne, a ƙasansa ya ja layi biyu ya rubuta: kullum ki sa tsintsiya kafin ki ajiye.

"Daga nan na koya," in ji ta. "Ban kawo maka don in ce laifinka ne ba. Ya kamata a ce na gane da kaina, kuma ban gane ba, wannan nawa ne."

"To ai ya wuce, Auta. Kowa yana..."

"Bari in gama. Ranar Alhamis ina kallon hannunka. Ba ka nema ba, lambar layin ka buga. Na ce wa kaina wataƙila ƙwarewa ce. Jiya na zauna na buɗe Wuƙa, na ce bari in ga ita yaya take yi. Babu tsintsiya a cikinta. Sai na bi tarihi." Ta ɗan tsaya. "Shekara uku da suka wuce, sha ɗaya ga wata na uku. Ƙananan gyare-gyare. Layi ɗaya ka canja a ranar, kuma shi ne wanda ka rubuta min a gaban Likita, harafi da harafi."

Wata mota ta wuce a layin tana hon. Daga cikin gida ana jiyo yara suna gardama a kan wanda ya sami babban yanki.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji ta. "Ranar Talata, da ka rubuta na duba ya yi, ka gani ko ba ka gani ba?"

Ƙarya tana nan kusa, a shirye, kuma babu tarihin da ya ajiye abin da ya rubuta ya goge. Yana iya cewa gajiya ce, ido ya tsallake, sai da ya ga bayit ɗaya ya ɓata sannan ya tuna. Wataƙila ma ta yarda, don tana so ta yarda, ya ga haka a fuskarta. Ya buɗe baki, ya dubi rubutunsa a littafin, sai maganar ta ƙi fitowa a yadda ya shirya ta.

"Na gani," in ji shi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gyaɗa kai a hankali kamar wadda aka tabbatar wa lissafin da ta riga ta yi.

"Da ka ce min kana son aikin, wallahi da na bar maka. Da ƙafata zan je wurin Manaja."

Wannan ce ta fi komai yi masa ciwo, kuma ko a wannan lokacin, yana tsaye da kunya har wuya, sai da ya ji tsohon kishin ya motsa, don mai cewa zan bar maka ya san abin nasa ne. Ya tsani kansa da ya ji haka.

"Inna fa?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna ta ji abin da za ta iya ɗauka. Manaja ma ba zan ce masa komai ba, aikin ka riƙe, za ka iya. Kod ɗina dai daga yau wani zan riƙa ba wa ya duba."

"Auta, ki saurare ni..."

Ya miƙa mata littafin, ta mayar da hannayenta baya. Inna ta ƙwala kira daga ciki tana tambayar inda aka ajiye wuƙar yanka lemon. Auta ta amsa da ƙarfi cewa tana zuwa, sannan ta juyo gare shi. Babu taro a wurin, babu Manaja, babu 'yan ofis masu dariya, ƙofar gidan da aka haife su ce su biyun. Ta faɗe shi daidai, ba ta kama baki ba, ba ta yi tuntuɓe ba.

"Sai Litinin, Injiniya."

Ta shige ta tura ƙofa. Ya daɗe tsaye a bakin motar da littafin a hannu, makulli a ɗaya hannun, yana jiran ko za ta leƙo ta gyara, ta ce Yaya.